Jawabin Maraba ga Farfesa Mai Binciken Cututtukan Zuciya, a Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, Farfesa, shugabannin jami'a, wakilan Mai Martaba Sarkin Katsinar Maradi, likitoci, ungozomomi, malamai da ɗalibai, barkanmu da wannan rana. A madadin malamai da ɗaliban fannin kiwon lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina yi maku sannu da zuwa, sannu da hanya, tare da fatan kun baro iyali lafiya.

Farfesa, kun shafe shekaru kuna nazarin yadda tsokar zuciya take aiki da yadda take gazawa, tun daga matakin ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Masana a ƙasashe da dama suna karanta rubuce-rubucenku suna gina nasu binciken a kai, ɗaliban da kuka horar kuma yau suna horar da wasu. Mu a nan muna da dalili na musamman na girmama wannan fanni naku, domin akwai cutar da ta daɗe tana ɗauke mana mata, kuma daga irin ɗakunan gwajin da kuke aiki a ciki aka fara gane sirrinta.

Ina nufin gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin jego. Duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya san ta: mai jego ce za ta zo ƙafafu a kumbure, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, jariri yana hannun kakarsa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa cutar ta yi yawa a ƙasar Hausa fiye da sauran wurare, suka ɗora zargi a kan wankan jego da kunun kanwa. A 1992 wani bincike da aka yi a Yamai ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar, kuma aikin da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano bai tabbatar da laifin al'adun jego ba, ya fi karkata ga rama, talauci da hawan jinin masu ciki. A ganina wannan ya rage wa iyayenmu mata nauyin zargin da suka daɗe suna ɗauke da shi.

Abin da waɗannan bincike ba su bayyana ba shi ne abin da ke faruwa a cikin ita kanta tsokar zuciyar, kuma a nan ne fanninku ya yi rawar gani. A 2007 masu bincike a Hanoba ta ƙasar Jamus suka nuna cewa prolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, yana iya tsagewa ya haifar da wani ɗan guntu mai lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. Daga nan aka gwada maganin bromokriptin, wanda ke hana fitar prolaktin, a kan wasu mata a Afirka ta Kudu, sakamakon da aka wallafa a 2010 kuma ya ba da ƙwarin gwiwa. A 2016 aka gano cewa kusan kashi 15 cikin 100 na matan da aka bincika suna da tangarɗa a ƙwayoyin gado, akasari a ƙwayar da ke gina titin, furotin ɗin da ke ba tsokar zuciya damar miƙewa da komawa.

Sai dai, Farfesa, maganin bromokriptin da ake fatan zai ceci uwa yana ƙafar da nono, kuma a jihar da tamowa ke damun yara kamar tamu, hana jariri nonon uwa ba ƙaramin hukunci ba ne. Likitanmu da ke duba mace daga Madarumfa ko Gidan Runji yana bukatar amsar da aka samo daga nazarin matanmu, da abincinmu, da halin gidajenmu, alhali yawancin binciken ƙwayoyin gado an yi shi ne a kan mutanen Turai da Amurka.

Don haka muke roƙon ku da ku buɗe wa ɗalibanmu ƙofar ɗakin gwajinku, ku taimaka mana da horo kan na'urar ɗaukar hoton zuciya, sannan duk binciken da za a yi da jinin matan Maradi a yi shi da izininsu, da hannun ƴaƴan Maradi tun daga ɗibar jini har rubuta sakamako. Marasa lafiya muna da su, matasa masu himma muna da su, kuma a shirye muke mu riƙe rajistar masu cutar yadda ya kamata.

Allah ya saka maku da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya mai da ku gida lafiya. Farfesa, bismillah, muna sauraren ku.