Jawabin Maraba ga Shugaban Majalisar Gudanarwa daga Malaman Darasin Sulhu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Shugaban Majalisar Gudanarwa ta wannan makaranta, Mai Shari'a, ranka ya daɗe. Shugaban makaranta da muƙarrabansa, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, 'yan'uwa malamai, ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, lale marhabin. Mutumin da ya yi furfura a kan kujerar alƙalanci, ya sauka da mutuncinsa, ba mu ne za mu gabatar da shi ga Kanawa ba. Mun gode da ka ratso rana ka zo har inda muke, maimakon ka aiko a kira mu ofis.

Da yake ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari mu fara da abin da ya hana mu barci. Muna roƙon zaure. Akwai tsohon ɗakin ajiya a bayan laburare, cike da karyayyun kujeru. Shi muke so a ba mu, a gyara rufinsa, a raba shi uku: babban zaure na zaman sulhu da ƙananan ɗakuna biyu na keɓewa. Duk abin da za ka ji bayan wannan, hujja ce kawai muke kafawa.

Sulhu ba baƙo ba ne a garin nan. Tun kafin a gina kotu ta farko da bulo, rigimar gida ta kan mutu a zauren mai unguwa, ta gona a gaban dagaci, ta kasuwa a hannun shugabannin 'yan kasuwa a Kurmi. Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Nisa'i cewa sulhu alheri ne, kuma a surar ce aka yi umarni da a tashi mai sasanci ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan aure ya yi tsami. A nan Kano Shehu Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki da adalci a ƙarni na 15. A nan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yada zango, mutanen gari suka roƙe shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. A nan kuma aka buɗe makarantar horar da alƙalai a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Alƙalan Arewa da yawa daga nan suka fito.

To, ranka ya daɗe, ga inda abin yake yi mana ciwo. A 1976 wani malamin Jami'ar Harvard, Farfesa Frank Sander, ya tsaya a wani taro a Amurka ya ce bai kamata kotu ta kasance da ƙofa ɗaya ba, a buɗe ƙofar sulhu da ta sasanci kusa da ta shari'a. Duniya ta yi tafi. Legas ta buɗe irin wannan kotu mai ƙofofi a 2002, Abuja a 2003, Kano a 2009. Ba ma hassada, mutumin ya yi tunani kuma ya rubuta. Mu ne muka yi ɗaruruwan shekaru muna aikin ba mu rubuta yadda ake yinsa ba. Yau ɗalibinmu, jikan mai unguwa, yana haddace sunayen Turawa domin ya ci jarrabawar sulhu, alhali kakansa ya raba faɗan gado fiye da yadda zai iya ƙirgawa, kuma ba wanda ya zauna ya ɗauki maganarsa kafin ya rasu.

Doka ma ta riga mu gaba. A watan Mayu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar sasanci da sulhu ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta, yarjejeniyar da aka cimma a zaman sulhu tana ɗaure ɓangarorin, kotu kuma za ta iya zartar da ita. Ƙa'idojin aikin lauya sun wajabta masa ya sanar da wanda yake karewa cewa akwai hanyar sulhu kafin a shiga ƙara. Lauyan da bai taɓa zama a tsakanin mutum biyu masu fushi ba, me zai sanar?

Kai ka fi mu sanin cewa ba a koyon wannan aiki a kan allo. Muna iya rubuta wa ɗalibi cewa abin da mutum yake faɗa da bakinsa daban, abin da yake nema daban. Zai kwafe, ya ci maki. Amma sai ya zauna ya ga ɗan kasuwar Kantin Kwari yana rantsuwa ba zai yafe ko kwabo ba, sannan a keɓe da shi ya ce abin da ya ƙona masa rai shi ne abokin cinikinsa na shekaru ya daina ɗaga wayarsa. Irin wannan magana ba ta fitowa a gaban jama'a. Ba ta fitowa a ajin da muke ara, inda wani malami ke tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo, ɗalibai kuma na leƙe ta taga. Sulhu yana son sirri, sirri kuma yana son bango da ƙofa. Shi ya sa muka ce zaure da ɗakuna biyu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taro ba, amma za mu faɗa. Sulhun da ba a koya ba yakan koma "a yi haƙuri". Wa ake ce wa ya yi haƙuri? Bazawara da aka cinye wa tumunin takaba. Maraya da baffansa ya sayar da gona. Manomin da aka yi wa ɓarna, ko makiyayin da aka nome wa burtali, duk wanda ya fi rauni a cikinsu. Sayyidina Umar ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari cewa sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Gane lokacin da ya kamata mai sulhu ya tsayar da zama ya ce wannan magana ta kotu ce, shi ne darasi mafi wuya a wurinmu, kuma ɗalibi ba ya samunsa sai yana zaune kusa da malaminsa ana yi. Iyayenmu masu unguwanni da ke nan sun yi alƙawarin turo mana ƙananan rigingimu idan masu su sun yarda, su kuma zauna tare da mu. Wurin zaman ne babu.

Mun rubuta takarda kan ɗakin nan ba sau ɗaya ba. Ba mu zo kai ƙarar kowa ba, mu masu koyar da sulhu ne. Damina dai tana zuwa tana wucewa, rufin kuma yana ƙara lotsawa.

Sauran buƙatunmu ƙanana ne: a mayar da darasin sulhu wajibi ga kowane ɗalibin shari'a, a tura matasan malamanmu su samo takardar shaidar ƙwarewa, a taimaka mana mu naɗi hirar dattawan da suka rage mu buga ta da Hausa. Idan aljihu bai kai duka ba, ranka ya daɗe, a ajiye su, a ba mu zauren.

An shirya maka ruwa a ofishin shugaban makaranta, amma hanyar da muka zaɓa ta bayan laburare ta bi. Gani ya kori ji, kuma mun riga mun aro mabuɗin.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Daga Kwamitin Malaman Darasin Sulhu, a madadin malamai da ɗalibai.