Takardun Gidan Waziri: Nana Asma'u a Cikin Danginta

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, ina gaishe ku.

Wanda duk ya tafi neman rayuwar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a Degel a 1793 ta rasu a Sakkwato a 1864, da wuri zai lura cewa labarin gidansu a cikin waƙa ta ajiye shi. Marsiyyoyin da ta yi wa mamatanta da baitocin da ta aika wa 'yan'uwa da malamai su ne wasiƙunta, su ne kuma kundin kwanakinta, tun da yake al'adar marubutan Sakkwato ce su rufe waƙa da ramzi, wato haruffan da in an lissafa su za su ba da shekarar da aka rubuta ta.

Mu ɗauki marsiyyar da ta yi wa yayanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Ga mutumin da ya yi shekara ashirin yana Sarkin Musulmi, ya jagoranci yaƙe-yaƙe, ya kafa ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, a Wurno, amma da ƙanwarsa ta zo yin kukansa, sai ta fi tsayawa a kan iliminsa da kyautarsa da yadda yake taimakon mabukata. A ganina, nan ne darajar waɗannan takardu take, domin marubutan tarihi sun ba mu sarki, ita kuwa ta nuna mana ɗan'uwan da ta zauna da shi. Haka ta yi wa mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, haka kuma ta yi wa aminiyarta A'isha, da wasu mata waɗanda ba don alƙalaminta ba da sunayensu sun ɓace. Cikinsu har da jaji, ɗaya daga cikin shugabannin 'Yan Taru, ƙungiyar mata da ta kafa, waɗanda take naɗa wa malfa su tafi ƙauyuka karantar da mata.

Harshen da ta zaɓa ma yana nuna wanda take magana da shi. Larabci na malamai ne, Fulatanci na cikin gida, Hausa kuwa ta jama'a ce, shi ya sa ƙanenta Isa ya mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa.

Takardun nan ba a gidan adana kayan tarihi na hukuma suka tsira ba. Zuriyarta ce ta riƙe su a gidan Waziri, hannu zuwa hannu, har suka iso ga Waziri Junaidu, wanda ya buɗe wa mai bincike Jean Boyd su, ita da abokiyar aikinta Beverly Mack suka fitar da fassararsu ta Turanci a 1997, shekarar da shi Wazirin ya rasu, Allah ya jiƙansa.