Karayar Ƙasusuwan Hannu: Wa Ta Fi Samu, Kuma Yaushe Ake Kai Wa Ga Tiyata?

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27: guda 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Na tafi da na yatsu kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na duk karayar da ake kai wa asibiti.

Matasa maza ne suka fi yawa a layin, sanadin faɗa, wasanni, haɗarin hanya da injinan wurin aiki. Idan shekaru suka ja, faɗuwa ce ke kan gaba, kuma mata sukan ƙaru a lissafin saboda ƙashi na yin rauni bayan ɗaukewar al'ada.

Ku duba ƙashin tafin da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Karayar wuyansa ita ce kusan ɗaya cikin biyar na karayar hannu, kuma galibi mutum ne ya fusata ya kai wa bango naushi. Duk da yawanta, ba ta cika kai mutum ɗakin tiyata ba. Gindin wannan ƙashi yana da motsi, don haka ko ya lanƙwashe da digiri 40 hannu zai ci gaba da aiki. Ƙashin manuniya da na yatsan tsakiya kuwa a kafe suke, da wuya a lamunce musu fiye da digiri 15.

Abin da likitan ƙashi ya fi sa wa ido shi ne murɗewa. Zai ce ka dunƙule hannu a hankali. Ya kamata yatsu su kwanta a jere, suna fuskantar gindin babban yatsa. Idan ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa kamar almakashi, ƙashin ya juya. Murɗewar digiri 5 kacal na iya karkatar da kan yatsa da santimita 1.5, kuma hoton ƙashi ba ya nuna ta sosai. Wannan ba ta gyara kanta.

Galibi sai an kai ga tiyata, haka ma karayar da ta shiga gaɓa ta goce fiye da milimita 2, da wadda fata ta buɗe a kanta, da ƙasusuwa da yawa a lokaci guda. A gindin babban yatsa akwai karayar Bennett, wadda likitan birnin Dablin na ƙasar Ayalan, Edward Bennett, ya bayyana a 1882. Jijiya ce ke ta jan ƙashin daga mazauninsa, shi ya sa filasta kan kasa riƙe shi.

A ƙasusuwa 8 na wuyan hannu, sikafoyid, wani ɗan ƙashi da ke ɓangaren babban yatsa, ne ya fi karyewa, kuma yana da yaudara. Hoton farko kan fito lafiya lau, sai a ce targaɗe ne. Idan akwai zafi a ɗan ramin da ke gindin babban yatsa, a ɗaure hannun, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, ko a yi MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Jinin wannan ƙashi daga gefen yatsu yake shiga ya koma baya, saboda haka ɓangaren da ke kusa da dantse yana iya mutuwa.

Wajen aikin tiyata, ana soka siraran wayoyin ƙarfe a cire bayan mako 3 zuwa 6, ko a ɗaure da sukurori da farantin ƙarfe. Matsalar da ta fi biyo baya ita ce sandarewar yatsu, don haka da zarar ƙashi ya samu riƙo ake fara motsa su. Shan taba kuma yana jinkirta haɗewar ƙashi, musamman sikafoyid.