Darasi: Kwamfutar Tebur Ta Kunnu Amma Monita Ba Ta Nuna Komai

Assalamu alaikum, masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau a kan matsalar nan ne da ke tayar wa masu kwamfutar tebur hankali, wato mutum ya danna maɓallin kunnawa, ya ji fanka tana juyawa, amma fuskar monita ta tsaya baƙa ƙirin. Ina so tun farko ku kwantar da hankalinku, domin takardunku da hotunanku suna cikin rumbun ajiyar kwamfutar ne, kuma a mafi yawan lokuta wannan matsala ba ta taɓa su. Hoton da kuke gani yana fitowa ne daga akwatin kwamfuta, ya bi ta waya, ya isa monita, kamar yadda hoton dikoda yake isa talabijin. Aikinmu shi ne mu gano wanne ne ya gaza a cikin ukun nan, kuma ba za mu gano ba sai mun riƙa canza abu ɗaya tak, mu gwada, sannan mu wuce zuwa na gaba. Wanda ya canza waya da monita da RAM, wato katin ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke cikin akwati, a lokaci guda, ko da hoton ya dawo, bai san abin da ya gyara ba.

Za mu fara da monita. Ku cire wayar hoto daga bayanta, ku bar mata wayar wuta kaɗai, sannan ku kunna ta ku dubi ƙaramar fitilar da ke gabanta ko ƙasanta. Idan fitilar ba ta kama ba sam, wuta ce ba ta shiga, don haka sai a gwada wani soket da wata waya. Wayar wutar monita da ta akwati galibi iri ɗaya ce, kuna iya musanya su domin gwaji. Ku tuna kuma cewa filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda ake amfani da shi a Najeriya da Ghana, yana da ɗan fis a cikinsa, kuma fis ɗin kan ƙone ya bar waya tana nan kamar lafiyarta ƙalau.

Idan fitilar ta kama, kuma allon ya rubuta No Signal ko wani abu mai kama da haka, to monita tana da rai, hoto ne kawai bai iso mata ba. Ku danna maɓallin Menu da ke jikinta. Muddin jerin saitinta ya fito kuna iya karantawa, gilashinta da haskenta lafiya lau suke. Daga nan sai ku nemi maɓallin Input ko Source, domin monita mai ƙofofin sa wayar hoto biyu ko uku tana iya zama tana jiran hoto ta ƙofar HDMI alhali wayar tana maƙale a ƙofar VGA. Wannan abu ƙarami ne, amma yana sa mutane ɗaukar kwamfuta mai lafiya su kai shagon gyara.

Akwai yanayi na uku da ya kamata ku sani. Fitilar tana nuna monita tana aiki, wani lokaci ma hoto yakan bayyana na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ɓace. A nan sai ku haɗa ta da kwamfutar, ku rage hasken ɗaki, ku haska tocila dab da gilashin a karkace. Idan kun hango rubutu ko hoto dishi-dishi, to fitilar da ke haska allon daga baya ce ta mutu, ko kuma sashen da ke ba ta wuta. Kwamfutarku ba ta da laifi, monita ce za a kai wa mai gyara, kuma ba na ba ku shawarar ku buɗe ta da kanku.

Yanzu ga waya. Wannan mai shuɗin kai da ke hannuna ita ce VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, kuma har yau ita ce a bayan kwamfutoci da yawa a ofisoshinmu da makarantunmu. Bari in matso da ita kusa da kyamara. An tsara bakinta da gurbin ƙafafu 15, a layi uku, biyar a kowane layi. Ku dubi ƙafafun da kyau, domin idan an cusa ta a karkace wata ƙafa takan lanƙwashe ta kwanta, daga nan sai launi ya rikice ko hoton ya ɓace gaba ɗaya. Idan kun mayar da ita, ku ɗaure sukurorin nan biyu na gefe. HDMI da DisplayPort suna kama da juna a ido, sai dai DisplayPort kusurwa ɗaya ce kawai aka datse a bakinta, kuma wasu suna da ɗan makulli da sai an danna kafin a zare. Masu amfani da adafta kuma su sani cewa wadda ke mayar da HDMI zuwa VGA ta hanya ɗaya take aiki, ba za ta ɗauki hoto daga VGA ta kai wa HDMI ba.

Ku juya bayan akwatin ku duba inda aka sa wayar. Kwamfuta mai katin hoto na daban, wato katin da ake ƙarawa a cikin akwati domin fitar da hoto, tana da wuraren sa waya guda biyu, ɗaya a sama kusa da ramukan USB, ɗaya a ƙasa a jikin katin. Idan akwai kati, a jikinsa ake sa waya, domin yawancin kwamfutoci suna rufe ƙofar sama da zarar sun ga kati. Wasu masarrafan Intel ma, wato furosesa da ke yin lissafin kwamfuta, waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin F, ba sa fitar da hoto da kansu, saboda haka ƙofar sama ba za ta taɓa aiki da su ba. Idan kuna da talabijin mai HDMI, ku haɗa akwatin da ita, ko ku haɗa monitar da kwamfutar tafi-da-gidanka. Wannan gwaji shi ne yake raba gardama.

To, a ce monita da waya sun fita daga zargi. Tambayar da za ku yi wa kanku ita ce, shin tambarin kamfanin kwamfutar yana fitowa da farko kafin allon ya yi baƙi, ko kuwa babu abin da ke fitowa tun daga tashi? Idan tambari yana fitowa, kayan cikin akwati suna aiki, matsalar ta Windows ce. Ku danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare, wannan yana sake tayar da manhajar da ke sarrafa hoto, kuma za ku ji ɗan ƙara idan ta amsa. Ku gwada Ctrl da Alt da Delete. Ku gwada Windows da P, domin kwamfutar da aka taɓa haɗawa da majigi tana iya ci gaba da tura hoto zuwa allon da babu shi. Idan monitar ta rubuta Out of Range, girman hoton da aka saita ne ya fi ƙarfinta. A Windows 10 da 11, idan kuka kashe kwamfutar ta hanyar riƙe maɓalli a daidai lokacin da take tashi, sau biyu ko uku a jere, za ta buɗe shafin gyara. Daga nan sai a bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan a danna 4 domin shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman manhajoji kaɗai, inda za a rage girman hoton ko a cire manhajar hoto da aka sa ta ƙarshe.

Idan kuwa ko tambari ba ya fitowa, to kwamfutar ta tsaya ne a binciken da take yi wa kanta kafin ta nemi Windows. Ku danna Num Lock ko Caps Lock ku ga ko fitilarsu tana kamawa tana mutuwa. Idan ba ta motsa ba, wannan yana ƙara tabbatar da cewa ba ta gama tashi ba. Ku kasa kunne ko akwai ƙara, ku kuma lura ko fitilar maɓallin kunnawa tana ƙyaftawa. Ku ƙirga, ku rubuta, domin wannan ƙyaftawa da ƙara saƙo ne. Dell da HP kowanne yana da nasa tsarin, har ma yakan bambanta daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka a shafin kamfanin za ku nemi ma'anar da lambar samfurin kwamfutarku.

Kafin mu kwance sukuru ko ɗaya, ku zare firinta da filasha da duk abin da ke maƙale a USB. Ku cire wayar wuta, ku riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke ciki ta fita, sannan ku mayar ku gwada. Bayan ɗaukewar wuta ba zato ko sauyawa zuwa janareta, wannan kaɗai yakan tayar da ita.

Akwai gargaɗi guda da nake so ku ɗauka da muhimmanci, musamman masu sayen kwamfutoci na hannu da aka shigo da su daga Amurka. A bayan akwatin wutar wasu tsofaffin kwamfutoci, wanda masu gyara ke kira fawa fak, akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗaya gefen. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa a nan Afirka ta Yamma tsakanin 220 zuwa 230 take. Dole makunnin ya kasance a 230. Wanda ya tura shi zuwa 115 da sunan gwaji ya sa a soket, zai iya ƙona fawa fak ɗin nan take. Sababbi da yawa ba su da wannan makunni, suna daidaita kansu.

Yanzu sai mu buɗe akwatin, bayan mun tabbatar wayar wuta a cire take. Kafin ku taɓa komai a ciki, ku dafa ƙarfen jikin akwatin, kuma ku riƙa maimaita haka. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jikin mutum yana tara wutar nan da ke ɗan tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota, kuma ko wadda ba a ji ba tana iya lalata ƙananan kayan kwamfuta. Hunturun ne kuma yake cika akwati da ƙura. A kaɗe ta da busasshen buroshi mai laushi ko bulowa, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, kuma kada ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma ya kusanci wurin.

Abin da na fi zargi a irin wannan hali shi ne RAM. Ga shi nan, wannan dogon siririn katin da ke tsaye kusa da babbar fanka. Ku buɗe maƙallan da ke gefensa, zai ɗan ɗago da kansa, sai ku zare shi ta gefe-gefe ba tare da kun taɓa ƙafafunsa masu launin zinariya ba. Ku lura da wannan layin ƙafafun, idan ya dushe, a goge shi a hankali da farin abin goge fensir mai tsabta, a kakkaɓe ɓurɓushin sarai, a busa ramin da yake zama. Wajen mayarwa, akwai 'yar tsaga a ƙasansa wadda ba a tsakiya take ba, kuma dole ta dace da ɗan tudun da ke cikin ramin. Ku danna gefe biyu da manyan yatsu har ku ji maƙallan sun rufe da kansu. Mutane da yawa suna jin tsoron dannawa sosai, sai su bar shi rabi a zaune, kuma RAM da bai zauna daidai ba yana haifar da ainihin wannan baƙin allo. Idan guda biyu ne, ku gwada ɗaya shi kaɗai, sannan ɗayan, sannan ku canza rami, domin ta haka ne za ku bambance ko katin ne ya lalace ko ramin. Idan za ku sayi wani, ku tafi da tsohon a hannu, saboda DDR3 na tebur mai ƙafa 240 ba ya shiga ramin DDR4 mai ƙafa 288.

Idan akwai katin hoto na daban, a zare shi a sake zaunar da shi, a duba ko yana da wayar wuta tasa mai baki 6 ko 8. Za a iya cire shi gaba ɗaya a mayar da wayar monita ƙofar sama, idan masarrafin yana fitar da hoto. A danna manyan wayoyin wutar da ke shiga madabod, wato babban faifan da duk kayan ciki suke maƙale a kansa, su zauna daram.

Sai wannan ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, mai bolt 3, wanda ake samu har a wajen masu gyaran agogo. Shi ne yake riƙe agogon kwamfutar da saitin farkonta. Idan kafin matsalar kwanan wata yana yawan komawa baya, alama ce ya raunana. A cire shi kamar minti biyar, wayar wuta tana cire, sannan a mayar ko a sa sabo, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama. Wannan yana mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani. Sai dai idan kwamfutar ofis ce da aka kulle da BitLocker, wato makullin Windows da ke kare rumbun ajiya, a tuntuɓi mai kula da na'urorin ofishin tukuna, domin tana iya neman lambar buɗewa bayan haka.

Daga nan kuma akwai iyakar da ya kamata mai koyo ya tsaya. Idan kun ji ƙauri, ko kun ga kan wasu daga cikin ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a madabod ya kumbura, ko fanka tana juyawa ta tsaya ta sake juyawa bayan duk gwajin da muka yi, zargi ya koma kan fawa fak ko madabod ɗin kansa. Kada ku kwance fawa fak, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire shi daga soket. Ku kai wa mai gyara, ku faɗa masa duk abin da kuka gwada da adadin ƙara ko ƙyaftawar da kuka ƙirga. Idan ya ce sai an goge kwamfutar an sake sa Windows, alhali ko tambari ba ta nunawa, kada ku amince, domin matsalar ba ta kai ga Windows ba tukuna. Ku nemi ya fara gwada wani fawa fak da wani RAM, kuma idan gyaran zai ɗauki lokaci, ya cire muku rumbun ajiyar a haɗa shi da wata kwamfuta ku kwafe takardunku. Sai mun sake saduwa a darasi na gaba, ku huta lafiya.