Lacca: A Kai Gwajin Sankarar Bakin Mahaifa Inda Mata Suke

Assalamu alaikum. Iyayenmu mata, malaman asibiti, masu unguwanni, sannunku da zuwa.

Sankarar bakin mahaifa ba dare ɗaya take kama mace ba. Ƙwayar cutar HPV ce silarta, kuma daga shigarta jiki zuwa ta rikiɗe ta zama sankara akan yi shekara 15 zuwa 20. Duk tsawon lokacin nan mace lafiyarta ƙalau a ido, tana daka, tana goyo, tana zuwa biki. A wannan tsakanin gwaji yake da amfani. Mu kuwa sai jini ya ɓalle, an sha jiƙe-jiƙe an gaji, an ce sammu ne, sannan a kwashe ta zuwa asibitin koyarwa na Shika ko na Sakkwato. A 2020 kaɗai, an ƙiyasta mata wajen 12,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu.

Gwajin ba wani abin tashin hankali ba ne. Malamar asibiti za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska. Inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Akwai 'yar na'ura mai batir da ake ƙona wurin da ita a zaman nan. Wannan ne ya fi damuna, a gama komai rana ɗaya. Matar da ta nemi izinin maigida, ta ranto kuɗin mota, ta bar wa maƙwabciya yara, in ka ce mata "ki dawo mako mai zuwa", to da wuya ka ƙara ganinta.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata kafin 2030. Asibitin koyarwa ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Ranar awo da ranar rigakafin yara, mata cike suke a asibitin sha-ka-tafi. Can za a kai gwajin, kuma mace ta duba mace.

Allurar rigakafin HPV ta 'yan mata ce, an fara ta a Oktoban 2023 da masu shekara 9 zuwa 14, kyauta. Ku kai su. Amma fa allurar 'ya ba ta ɗauke wa uwa gwaji, balle mai ɗauke da HIV, wadda haɗarinta ya ninka sau shida.

Hajiya, tun ɗazu na ga hannunki a sama. Bismillah.