Abin Da Samaru Ta Ba Manomi: Lacca Kan Binciken Kimiyya A Jami'ar Ahmadu Bello

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana kan abin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta samar a fagen binciken kimiyya da injiniyanci. Abu huɗu zan taɓo: noma, dabbobi, makamashi, sai kuma kuɗin da ake yin aikin da shi.

Tun da aka buɗe jami'ar nan a 1962, da Sardauna a matsayin uban jami'a na farko, ba ta fara daga fili ba. Ta tarar da tashar binciken noma ta Samaru, wadda ke aiki tun 1922, ta rungume ta. Wato tashar ta girmi jami'ar da shekara 40. Ku riƙe wannan, domin shi ya sa noma ya yi wa sauran fannoni nisa. Bincike ba ya son gaggawa, yana son daɗewa.

Yau idan za a auna jami'a, sai a ƙirga maƙaloli: malam wane ya wallafa nawa, a wace mujalla, mutum nawa suka ambace shi. Ban raina wannan ba, wallahi ban raina ba, domin ta nan masana ke tace aikin juna. Amma ni ma'aunina daban ne. Ku shiga kasuwar Dawanau ku tambayi mai sayar da iri. Idan kun ji SAMMAZ, masara ce. SAMSORG dawa. SAMNUT gyaɗa. SAMCOT auduga. SAMPEA wake. Wannan “SAM” ɗin da ke gaba, Samaru ce. Manomin da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba yana shuka sakamakon bincikenta, yana ci, yana aurar da 'ya'yansa da shi.

Bari in tsaya a kan wake, don nan zuciyata take. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, amma duk da haka ba ya isar mu, sai mun ƙaro daga maƙwabta. Me ya sa? Babban dalili wata tsutsa ce, masana na kiran ta Maruka. Malam buɗe littafi ne ƙarami yake zuba ƙwai a jikin shukar, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin fure, daga nan ta huda kwanso ta ci ƙwayar tun tana ɗanya. Idan ta yi tsanani tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Kashi 80, jama'a! Kuma tunda a ciki take ɓoye, magani ba ya kai mata da sauƙi. Sai manomi ya yi feshi sau shida, sau takwas a damina ɗaya. Wa ke goya tankin feshin? Yaro ne, ba takalmi, ba abin rufe hanci. Ku tuna wannan yaron.

Masu bincike sun duba dubban nau'o'in wake suna neman wanda ke jure wa tsutsar nan da kansa, ba su samu mai ƙarfin da ake buƙata ba. Sai aka koma ga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, ana ce mata Bt, wadda ke yin wani sinadari mai kashe irin wannan tsutsa. Aka ɗauko ƙwayar halittar da ke yin sinadarin aka sa a wake. Farfesa Muhammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin a Samaru, tare da masana daga Ostareliya da wata gidauniyar fasahar noma ta Afirka. Shekara wajen goma ana gwaji a gonakin da aka killace. A ƙarshen 2019 aka fitar da shi da sunan SAMPEA 20-T. Feshi ya sauko daga shida ko takwas zuwa biyu. Biyu! Wannan yaron da na ce ku tuna, an rage masa shaƙar guba. Ni a wurina wannan ya fi maƙala ɗari da ba wanda ya karanta.

Na ga Kanawan da ke gaba suna murmushi. Ku ci ƙosanku lafiya, amma ku riƙa yi wa Zazzagawa godiya. (Dariya.)

Kuma ba yau aka fara ba. A 1975 cutar kuturun gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta yi wa gonakin Arewa kaca-kaca, tana cikin abubuwan da suka kwantar da dalar gyaɗa. Irin gyaɗa masu jure wa cutar da aka fitar daga baya, su ma daga Samaru suka fito, da haɗin gwiwar cibiyoyin ƙasa da ƙasa. A 2024 kuma aka fitar da masarar TELA, mai jure wa tsutsa da ɗan ƙarancin ruwa.

Lokaci na tafiya, shugaba yana duba agogo. Dabbobi: cibiyar binciken dabbobi ta jami'ar da ke Shika ta samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown, wadda ta saba da zafin ƙasarmu. Makamashi: mutane da yawa ba su san akwai na'urar nukiliya a Zariya ba. Ƙarama ce, kilowat 30, daga Sin aka kawo ta, ta fara aiki a 2004. Ba wutar lantarki take bayarwa ba, bincike ake yi da ita: a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci, ta nuna sinadaran da ke ciki. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin ƙarfi. Injiniyoyin sinadarai kuma sun daɗe suna aiki kan farar ƙasar Ƙanƙara, don sarrafa ta ta zama abin da matatar mai ke buƙata.

To a nan ciwon yake. Noma yana da hanyar fita: akwai malaman gona, akwai kamfanonin iri, akwai rediyo. Injiniya fa? Ya ƙera na'ura, a nuna ta ranar yaye ɗalibai, a tafa, a mayar da ita ɗaki a kulle. Masaƙun Kaduna da Kano da ya kamata su karɓi irin wannan aiki, yawancinsu sun rufe. Asusun TETFund, wanda gwamnati ta kafa don tallafa wa manyan makarantu, yana ba da tallafin bincike, alhamdu lillahi, amma tallafi yana kai ka ga samfuri ɗaya ne, ba ya kai ka kasuwa. Abu na gaba... na'am? Akwai hannu a baya. Bismillah, 'yata.

Wata ɗaliba: Malam, waken nan da aka sauya wa halitta, a gidanmu ana cewa yana da illa. Kai za ka ci?

Zan ci, kuma tambayarki tana kan hanya, kada kowa ya yi mata dariya. Sinadarin nan yana aiki ne a cikin hanjin wasu tsutsotsi, jikin ɗan Adam ba shi da inda zai kama. Hukumar kula da amincin irin waɗannan halittu, wadda aka kafa a 2015, ta duba shi kafin ta ba da izini a 2019. Kuma ba kamar yadda ake yaɗawa ba, manomi zai iya ajiye irinsa ya shuka baɗi, ya tsiro. Abin da ya fi damuna ni shi ne tsutsar tana iya sabawa da shi idan aka yi sakaci, don haka dole a ci gaba da bibiya gona-gona, shekara bayan shekara. Wannan aiki ne na mai digiri na biyu da na uku. Wane sashe kike? Kimiyyar halittu? To ki same ni bayan an tashi, ki zo da tambayoyin mutanen gidan naku duka, a rubuce. Shugaba, a ba na kusa da ita makirufo.