Ƙuri'ar Kora da Ƙuri'ar Ceto: Yadda Masu Tayar da Ƙura Ke Daɗewa a Gasar Talabijin

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

'Yan uwa, maganarmu ta yau kan gasar talabijin ce, irin wadda ake tara mutane a gida ɗaya ko a daji, a kafa musu kyamara dare da rana, a riƙa korarsu ɗaya bayan ɗaya har a bar mutum guda. Musamman wadda ake gayyato mashahurai, 'yan siyasa da 'yan fim da mawaƙa, har da waɗanda jin sunansu kaɗai kan tayar da ƙura. Abubuwa huɗu na rubuto.

Na farko, asalin dabara. A 1997 aka fara Expedition Robinson a Suwidin, a 1999 John de Mol, mai shirya shirye-shiryen talabijin, ya fito da Big Brother a Holan. A 2000 Amurka ta yi nata Survivor: mutum 16 a wani tsibiri a gaɓar Borneo, kwana 39, ladan dala miliyan ɗaya. Yawancinsu sun ɗauka gasar juriya ce, wa ya iya haɗa wuta, wa ya iya kafa bukka. Wani mai suna Richard Hatch ya gane lissafin ƙuri'a ne. Ya ƙulla ƙawance da mutum uku, su huɗu suna jefa ƙuri'a wuri ɗaya, sauran kuwa kowa na bin son ransa. Haka suka tsince su ɗai-ɗai, ya ci gasar da ƙuri'a 4 da 3, domin a ƙarshe waɗanda aka kora ne ke zaɓen gwani. Tun daga nan kowa ke shiga da ƙawance a aljihu.

Na biyu, kuma don Allah a nan ku ba ni hankalinku, domin shi ya fi damuna. Mutane kan tambaye ni, wane da kowa ke zagi, ya aka yi ya kai ƙarshe? Sai a ce maguɗi ne. Ni kuwa na ce kafin ka ce maguɗi, duba tambayar da aka yi wa masu kallo. Tambaya iri biyu ce. Akwai "wa za a kora?" akwai kuma "wa kuke so ya zauna?" A kunne kamar abu ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne.

Bari mu yi misali da ɗakin nan. A ce mu ɗari ne, 'yan takara goma. Akwai guda da talatin cikinmu ke mutuwar so, saba'in kuwa ko ganinsa ba sa son yi. In aka ce wa za a kora, saba'in ɗin nan duk hannunsu wuri ɗaya zai nuna, ya tafi a daren. In aka ce wa zai zauna fa? Talatin ɗinsa na nan daram. Saba'in ɗin kuwa sun rabu kan mutum tara, wannan takwas, wancan bakwai. Shi ne na ɗaya! Mutumin da mafi yawa ke ƙi, shi ne na ɗaya. Wa zai tafi gida? Wannan mai kunyar da ke dafa wa kowa abinci, ba ta faɗa da kowa, kowa na ganin kirkinta amma ba wanda ya ɗaga waya dominta. Ita ce ke ba ni tausayi kullum. Ƙiyayya ba ta da akwatin da za ta jefa ƙuri'a a tsarin ceto. Ku riƙe wannan, ƙiyayya ba ta da akwati.

Ga shaida. A Birtaniya akwai shirin tashar ITV da ake kai mashahurai daji a Ostireliya, sunansa da tsawo, a taƙaice I'm a Celebrity. A Nuwamba 2022 aka shigo da Matt Hancock, tsohon ministan lafiya, wanda ya sauka a 2021 bayan ya karya ƙa'idar ba da tazara ta lokacin korona, ƙa'idar gwamnatin da yake ciki. Yana ɗan majalisa mai ci ya tafi daji, jam'iyyarsa ta dakatar da shi, waɗanda suka rasa 'yan uwa a annobar ransu ya ɓaci matuƙa, kuma suna da gaskiya. An biya shi fam 320,000. To a shirin nan masu kallo ke zaɓen wanda zai sha wahalar ranar, a rufe shi da kwari da macizai, ko a ba shi abin ƙyama ya ci. Sai jama'a suka yi ta zaɓensa, yau shi, gobe shi, jibi shi, don su huce. Amma wanda aka zaɓa, shi kyamara ke kai. Kullum fuskarsa ce a allo, yana shan wuya bai yi ƙorafi ba, har wasu suka fara cewa ai mutumin nan yana da juriya. Garin neman gira aka rasa ido. Da aka zo matakin wa zai zauna, ya ƙare na uku. Shekarar da ta biyo, Nigel Farage, wani ɗan siyasar Birtaniya mai tayar da ƙura, ya shiga, shi ma na uku. Kun ga? Talatin ɗin nan kan kai mutum nesa, sai an rage saura uku, saba'in sun haɗe wuri ɗaya, sannan a tsayar da shi.

Haka Sean Spicer, tsohon kakakin fadar shugaban Amurka, a gasar rawa ta 2019. Alƙalai na ba shi maki mafi ƙanƙanta mako bayan mako, magoya baya na ceto shi, har Donald Trump ya roƙi a zaɓe shi. Waɗanda suka fi shi iya taka rawa suka riga shi tafiya. Wancan ɗan uwa na dariya, hala ya ga rawar.

Yanzu juya tsarin. Janairu 2007, Celebrity Big Brother, wato na mashahurai, a tashar Channel 4 ta Birtaniya. Jade Goody, wadda ta yi suna a Big Brother na baya, da wasu mata biyu suka sa 'yar fim ɗin Indiya Shilpa Shetty a gaba da maganganun da jama'a suka ɗauka wariyar launin fata ce. Ƙorafi sama da 40,000 ya isa hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin yaɗa labarai, kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ya janye, har Gordon Brown, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, da ke ziyara a Indiya sai da aka tare shi da tambayar. A can ƙuri'ar kora ake yi. Kashi 82 cikin ɗari suka ce Jade ta fita, Shilpa kuma ta ci gasar. Hali iri ɗaya na tayar da ƙura, tambaya daban, sakamako daban.

Na uku, a cikin gidan, mai baƙin jini garkuwa ne. Mai wayo ba ya korarsa, yana ajiye shi kusa don kibau su riƙa sauka a kansa, in ya samu ma ya kai shi zagayen ƙarshe, tunda waɗanda aka kora su ne alƙalai a irin Survivor. Russell Hantz a Survivor na 2009 ya juya kowa yadda ya so, ya sha kaye 7 da 2, domin waɗanda ya ci amanarsu su ke riƙe da alƙalami. Na biyar, a'a, na nawa muke? To, na gaba dai, tacewa: awa 24 ake matsewa ta koma awa ɗaya, mai tace hoto shi ke zaɓen fuskar da za ka gani. Lokaci ya ja, na ga hannu. Bismillah, Hajiya.

(Wata daga cikin masu sauraro: Malam, ita Jade ɗin, ya ta ƙare?)

Allah Ya saka, Hajiya, gara da kika tambaya, don muna ta lissafi kamar ba mutane ba ne. Ta fito ta tarar ƙasa ta juya mata baya, aka janye turarenta daga shaguna, ta yi ta ba da haƙuri tana kuka. A Agusta 2008 ta je Indiya ta shiga nasu shirin, Bigg Boss, kuma kin san wa ke gabatarwa? Shilpa Shetty. Kwana biyu da shigarta, a cikin gidan nan mai kyamarori, aka sanar da ita tana da ciwon dajin bakin mahaifa. Ta koma gida, ta rasu a Maris 2009 tana da shekara 27, ta bar yara maza biyu. Abin da ta faɗa wa Shilpa ba daidai ba ne, ban wanke ta ba. Amma masu shirin sun san halinta tun shigarta Big Brother a 2002, a ganina don wannan bakin nata suka dawo da ita, kuma Ofcom ta samu tashar da laifin saɓa ƙa'ida, ta sa ta karanta hukuncin a kan allo. Sai a 2021 hukumar ta kafa dokar da ta wajabta wa tashoshi kula da lafiyar waɗanda suke sakawa a shirye-shirye, shekara 12 bayan rasuwarta. Na ga ana nuna mini agogo. Ɗan uwa mai farar riga, riƙe tambayarka, ka same ni a bakin ƙofa.